Zanen fiksel ga mai farawa: daga ɗigon farko zuwa cire bangon hoto

Duk wanda ya taɓa riƙe Nokia 3310 ya ga zanen fiksel, ko da bai san sunansa ba. Fuskar wayar ɗigo 84 ce a kwance, 48 a tsaye, kuma macijin nan da ke bin abinci a wasan Snake da 'yan ɗigo aka jera shi. Game Boy da ta fito a 1989 ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye take da su, launi huɗu kacal. A wancan zamani dole ce ta sa, domin na'urorin iyakar ƙarfinsu ke nan. Yau da gangan ake yin irin zanen, don wasannin waya, sitika, tambari ko hoton fuskar shafi.

Fiksel shi ne ɗan murabba'i mafi ƙanƙanta a hoton kwamfuta, mai launi ɗaya tak. Zanen fiksel kuwa shi ne wanda mai yinsa ya san dalilin zaman kowane ɗigo a inda yake, kamar yadda mai ɗinkin hula ya san inda allura za ta shiga da inda za ta fita. Hoton da aka rage wa girma har ya dagargaje ba zanen fiksel ba ne, lalataccen hoto ne.

Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu, domin shi ne tushen yawancin matsalolin da za ka gamu da su. Manhajojin hoto an gina su ne don hoton kyamara, saboda haka kullum ƙoƙarinsu su sassauta gefe, su cuɗa launi da launi, su ɓoye ɗigo. Kai kuma ɗigon kake nema. Rabin aikin shi ne gano inda manhaja ke maka wannan karambani ka kashe shi.

Manhaja da fili

Piskel kyauta ce, a burauza take aiki, kuma don wannan zane aka yi ta. Aseprite masu sana'ar da yawa ke amfani da ita, sai dai saya ake yi. LibreSprite 'yar uwarta ce ta kyauta. GIMP ma kyauta ce, tana yin komai, amma sai ka gyara mata saiti. A wayar Android akwai Pixel Studio da dotpict. Kowace ka ɗauka ta isa.

Buɗe fili mai faɗin 32 da tsayin 32. Kada ka fara da 128 ko 256 don ganin 32 ya yi kaɗan. Filin 32 ɗigo 1,024 ne, wanda za ka iya lura da su ɗaya bayan ɗaya. Filin 256 kuwa ɗigo 65,536 ne, kuma mai koyo ba ya kaiwa rabi sai ya koma jan layi barkatai.

Tun wajen buɗe filin za ka zaɓi bango wayam, wato bayan zanen ya kasance babu komai. A Aseprite zaɓi RGBA, sannan a Background ka zaɓi Transparent. A GIMP buɗe Advanced Options, a Fill with ka zaɓi Transparency. Piskel da kanta haka take buɗewa. Wannan dannawa ɗaya za ta raba ka da wahalar cire bango daga baya. Idan ka ga gida-gida masu ruwan toka kamar allon darafti, to ba launi ba ne, alamar da manhaja ke nuna wayam da ita ce.

Da fensir za ka yi zane, mai kaurin fiksel ɗaya, ba da buroshi ba. A GIMP harafin N ke kawo shi, a Aseprite harafin B. Magogin GIMP yana barin dishi-dishi sai ka kunna masa Hard edge. Zuƙo filin ya ninka sau 16 ko 20 don ka ga ɗigon sosai, amma ka bar ƙaramar taga a gefe da ke nuna zanen a ainihin girmansa. A can ake hukunci. Abin da ya yi kyau a zuƙe sau da yawa shirme ne idan ya koma girmansa.

Layi

Za mu zana buta, irin ta roba, koriya. Ba a banza aka zaɓe ta ba: tana da ciki mai lanƙwasa, baki mai karkata, da hannu mai rami a tsakiya, kuma kowanne da darasinsa.

Fara da siffa, ba da layin gefe ba. Ɗauki launi ɗaya mai duhu ka cike cikin butar, faɗin kusan ɗigo 18, ka ɗora wuya da murfi, ka fitar da baki a hagu, hannu a dama, ka bar ɗigo biyu babu komai a kowane gefen fili. Yanzu dubi ƙaramar tagar. Idan wanda ke kusa da kai bai ce buta ce ba daga wannan baƙar siffa, launi da inuwa ba za su cece ta ba. Gyara siffar tukuna.

Layin da ya karkata a zanen fiksel matakala ce, kuma yana yin kyau ne idan matakan sun yi daidai da juna. Ɗigo ɗaya gaba, ɗaya sama, shi ne kusurwar digiri 45. Biyu gaba ɗaya sama shi ne karkatar da ake yawan gani a wasannin da ake kallon gari daga sama ta gefe. Bakin butar ka yi shi da ɗaya daga cikin waɗannan. Idan matakan suka zama 2, 2, 1, 3, 2, ido zai ga layin yana tuntuɓe kamar haƙoran tsohon zarto, ko da mai kallo bai san dalili ba.

Lanƙwasa kuma da lissafi take tafiya. Tsawon matakan ya riƙa raguwa a jere, sannan ya riƙa ƙaruwa a jere. A kafaɗar butar, misali: shida a kwance, sai uku, sai biyu, sai ɗaya, ɗaya, sannan biyu a tsaye, uku a tsaye. Da zarar ɗaya ya shiga tsakanin uku da biyu, wurin zai yi ƙulu. Ƙirga su da yatsa in ta kama, babu kunya a ciki.

Akwai kuma ɗigon da ke maƙalewa a kusurwa. Idan ka ja layi da hannu, a duk inda ya sauya mataki fensir yakan bar ɗigo na uku da ke haɗa biyun, sai wurin ya yi siffar harafin L, layin ya yi kauri a nan, siriri a can. Bi layin ka goge su, ɗigo su riƙa haɗuwa ta kusurwa kawai. Aseprite tana da Pixel-perfect da ke hana su fitowa tun farko.

Launi da inuwa

Launi biyar sun ishi butar. Ga lambobinsu, ka rubuta su a akwatin launi: 1A2E35 don layin gefe, 1F6F5C don inuwa, 38A550 don jikin butar, 8FD14F don inda haske ya sauka, F4FFC9 don ɗan ƙyalli.

Lura da abin da ke faruwa a jerin. Inuwar ba koren da aka zuba wa baƙi ba ce, kore ce da ta karkata zuwa shuɗi. Mai hasken kuma ba koren da aka zuba wa fari ba ne, ya karkata zuwa rawaya. Wannan ita ce dabarar da ta fi saurin raba zanen gwani da na mai koyo. Baƙi da fari kawai suna sa zane ya yi fatau kamar rigar da ta sha wanki da rana. Da mangwaro kake zanawa, jiki rawaya, inuwa ta tafi ruwan goro har ta kusa ja. Layin gefen ma ba baƙi ƙirin ba ne, shuɗi ne mai duhu sosai, wanda ya fi zama lafiya da sauran launukan. Wanda haɗa launi ke ba shi wuya ya ɗauko jerin da aka riga aka haɗa: shafin Lospec cike yake da su, ciki har da launuka 16 na PICO-8, wata manhajar haɗa ƙananan wasanni.

Kafin ka sa inuwa, yanke shawarar inda haske ke fitowa. A ce daga sama ta hagu. To kafaɗar hagu da saman murfi su sami launi mai haske, ƙasan ciki ta dama ya sami inuwa mai siffar jinjirin wata, ƙarƙashin murfi a ja layin inuwa ɗaya a kan wuya. Ƙyallin ɗigo biyu ko uku ne a kafaɗa, kada ya wuce haka.

Kuskuren da kusan kowa ke fara yi shi ne bin layin gefe da duhu ta ko'ina, a bar haske a tsakiya. Masu sana'ar suna kiransa inuwar matashin kai, don komai yakan fito a kumbure kamar filo. Yana faruwa ne idan ba a zaɓi inda haske yake ba. Ƙaninsa shi ne jera launuka su bi matakan layin gefe sak, mataki kan mataki, sai matakalar ta ƙara fitowa fili maimakon ta ɓuya. Bari iyakar inuwa ta yi tata hanyar daban da ta gefe.

Ka kuma riƙa tara ɗigo masu launi ɗaya wuri guda. Ɗigo ɗaya tilo da ke zaune shi kaɗai a tsakiyar wani launi, ido datti yake ɗaukarsa, sai fa idan ƙwayar ido ce ko ƙyalli.

Akwai dabarar yayyafi (dithering a manhaja), inda ake jera launi biyu ɗaya-bayan-ɗaya kamar allon darafti don su ba da launi na uku daga nesa. Tsofaffin na'urori sun dogara da ita saboda ƙarancin launi. A fili mai 32 ba ta da wurin sakewa, kuma takan sa roba mai santsi ta yi kama da buhu. Ajiye ta sai ka zo zanen sama ko yashi a babban fili.

Saura sassauta gefe da hannu: sa ɗigo mai matsakaicin launi a lungun mataki don lanƙwasa ta yi laushi. A cikin zane, tsakanin kore da inuwarsa, yana da amfani. A wajen layin gefe kuwa kada ka yi, muddin bangon wayam ne. Ba ka san a kan wane launi butar za ta zauna ba. Ɗigon da ya dace da farin bango, a kan baƙi zai fito kamar ƙura.

Abin da wayam yake nufi a cikin fayil

Kowane fiksel yana ɗauke da lamba uku, ta ja, ta kore, ta shuɗi. Wasu nau'ikan fayil suna ƙara ta huɗu da ake kira alfa, daga 0 zuwa 255. Alfa 0 babu komai, 255 launi cikakke, 128 shara-shara ne, ana hango abin da ke baya. A zanen fiksel na mai farawa lamba biyu kawai kake so, 0 da 255. Tun zamanin NES, tsohuwar na'urar wasa ta kamfanin Nintendo, haka abin yake: kowane ɗan zanen da ke motsi gurbin launi huɗu yake da shi, uku ake gani, na huɗun wayam.

PNG, wanda ya fito a 1996, yana riƙe alfa gaba ɗaya kuma ba ya taɓa ɗigo ko ɗaya. Shi ne naka. WebP ma yana riƙewa. GIF launi 256 ne iyakarsa, kuma a wurinsa ɗigo ko dai yana nan ko ba ya nan, babu shara-shara, wanda ya yi daidai da zanen fiksel mai motsi. JPEG kuwa ba shi da alfa sam. Da ka adana a JPEG, wayam zai koma fari ko baƙi, sannan matsewar da yake yi za ta watsa launuka kewaye da layi, farin bango ɗaya ya zama farare iri-iri da ido ba ya bambancewa amma manhaja tana bambancewa. Sauya sunan fayil daga .jpg zuwa .png ba ya gyara komai.

Cire bangon da ya riga ya shiga

A ce an zana butar a kan fari, ko haka aka turo maka ita. A GIMP ga yadda ake yi:

1. Layer, Transparency, Add Alpha Channel. Idan ka tsallake wannan, duk abin da ka goge launin bango zai koma, ka yi ta dannawa kana ganin kamar ba ya aiki. Idan umarnin ya dushe ba ya dannuwa, alfa tana nan ke nan.
2. Ɗauki Select by Color, da Shift da O. Kashe Antialiasing, kashe Feather edges, mai da Threshold daga 15 zuwa 0.
3. Danna kan farin, sannan Delete.
4. Select, None. Sai File, Export As, ka ƙare sunan da .png.

A nan ramin hannun butar ke shigowa. Kayan zaɓe iri biyu ne. Fuzzy Select na GIMP, da sandar tsafi (Magic Wand) ta Aseprite ko ta Photopea, wata manhajar hoto ta burauza, idan Contiguous na kunne, farin da ke haɗe da inda ka danna kawai suke kamawa. Da su, bangon waje zai tafi, amma farin da ke cikin ramin hannu zai zauna, sai ka riƙe Shift ka danna shi shi ma. Select by Color kuma duk fari yake kwashewa, duk inda yake, har da farin ido ko farin haƙori idan mutum ka zana, sai ka tarar da huda a fuska. Dubi zanen ka ga wanne ya fi sauƙi: idan babu fari a cikinsa, kwashe gaba ɗaya, idan akwai, bi rami-rami. Wannan ne ma ya sa ƙyallin butarmu F4FFC9 ne ba fari fat ba. Shi ya sa kuma masu tsofaffin wasanni ke cika bango da FF00FF, ruwan hoda mai kashe ido da ba wanda zai sa a jikin zane.

Guji Color to Alpha a wannan aiki. Sunansa yana ruɗi, amma abin da yake yi shi ne zare fari daga cikin kowane launi, sai koren butar mai haske ya koma shara-shara. Haka shafukan nan da ke cire bango da kansu: don hoton mutum aka yi su, gefe mai laushi suke bari, kuma sukan cinye ɗigon kusurwa. Tsohon Paint na Windows ma yana da Transparent selection, amma wajen manna abu kan abu kawai yake aiki, ba ya adana wayam a fayil. Sai a 2023 Paint na Windows 11 ya sami wannan.

Idan bayan gogewa ka ga farin zobe siriri kewaye da butar, to ko an zana ta da buroshi mai laushi, ko ta ratsa ta JPEG, ko an ƙara mata girma ta hanyar da ta cuɗa gefe. Idan zoben ɗigo ne masu shara-shara, Layer, Transparency, Threshold Alpha zai tilasta wa kowanne ya zama 0 ko 255. Idan kuwa ɗigo ne cikakku masu ruwan toka, ɗaga Threshold na Select by Color zuwa 20 ko 30 ka sake zaɓa, abin da ya rage ka bi da magogi. A fili mai 32 aikin minti kaɗan ne.

Wanda ya fi wuya shi ne zanen da aka ƙara wa girma sannan ya ratsa ta JPEG. Zuƙo ka auna faɗin gida ɗaya. Idan hoton 640 ne kuma kowane gida 20, asalinsa 32 ne. Rage shi zuwa 32 da Interpolation a kan None, sannan Image, Mode, Indexed, ka ba shi launi 8 ko 16 ba tare da yayyafi ba, ka dawo da shi RGB. Fararen nan iri-iri za su haɗe su zama ɗaya, sai ka cire.

Hattara da hotunan intanet da ke nuna allon darafti a baya. Da yawa zana shi aka yi a jikin hoton. Idan ka buɗe a manhaja ka iya zaɓar gidajen da sandar tsafi, to bango ne na gaske, launi biyu, sai an cire.

Ƙara girma da turawa

Hoto mai 32 ƙanƙane ne a fuskar wayar yau, kuma idan ka bar waya ko shafi su ƙara masa girma, za su dama shi. Kai za ka ƙara, da sharaɗi biyu. Na farko, hanyar ƙarin ta zama Nearest Neighbor, wadda GIMP ke kira None. Na biyu, ninkin ya zama cikakkiyar lamba: sau 4, 8, 10, 16. Daga 32 zuwa 100 ninki 3.125 ne, sai wasu ɗigo su sami faɗin uku wasu huɗu, layin da ka sha wahalar daidaitawa ya karkace. Juyawa ma haka: digiri 90 da 180 ba sa ɓata komai, sauran duk sai ka sake gyara da hannu.

Sitikar WhatsApp 512 ce a kowane gefe, a WebP, kada ta wuce 100KB idan ba mai motsi ba ce. 32 sau 16 daidai 512, 64 sau 8 ma haka. Tunda wasu fuskar WhatsApp ɗinsu baƙa ce, layin gefe mai duhu zai nutse a can, don haka kewaye butar da farin layi mai kaurin ɗigo ɗaya kafin ka ƙara girma. A Aseprite yana ƙarƙashin Edit, FX, Outline. Don bugawa a riga, ninka sau 100: fiksel 3,200 a ma'aunin ɗigo 300 kowane inci yana ba da kusan santimita 27.

Idan za ka tura wa wani PNG ɗin ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document. In ka tura shi a matsayin hoto, za a matse shi, wayam ya tafi. A shafin yanar gizo, rubuta image-rendering: pixelated a CSS, wato rubutun da ke tsara kamannin shafi. A Unity, manhajar haɗa wasanni, sa Filter Mode a Point, Compression a None. A Godot, ita ma ta haɗa wasanni ce, tacewar (Filter) ta zama Nearest.

Ajiye asalin aikin daban, ƙaraminsa, a fayil ɗin manhajar, .xcf ko .aseprite ko .piskel, kana danna Ctrl da S akai-akai tunda wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Kafin ka fitar da na ƙarshe, buɗe sabon falle (Layer) a ƙarƙashin butar, cika shi da baƙi ka duba gefe, sauya shi zuwa fari, sannan zuwa ja. Baƙin zai tona farin zobe, farin zai tona baƙin datti, jan kuma zai leƙo ta duk hudar da ka yi a jikin butar ba ka sani ba. Goge fallen, sannan ka fitar.